Ranar Alhamis a Gidan Nonomura

Ranar Alhamis, bayan allurar asibiti,
nakan hau bas mai lamba sha ɗaya
in sauka bayan kasuwar kifi ta Kanazawa,
inda dusar ƙanƙara ke narkewa a bakin kwata
ta bar ƙarni da sanyi mai ratsa ƙashi.

Ɗakinta na saman shagon mai gyaran laima.
Matakala goma sha huɗu. Na ƙirga,
don kafinta ba ya taka katako bai ƙirga ba.
Ta ukun tana kuka. Na ce zan buga mata ƙusa,
ta ce in ƙyale ta, ita ke mata sallamar baƙi.

Reiki, in ji 'yata Hatsue da ta biya kuɗin.
Na ce shekara hamsin ina tare da zarto da guduma,
abin da ma'auni bai kama ba, ban san shi ba.
Ta ce, Baba, kwanciya kawai za ka yi.

Na kwanta bisa tabarma da rigata a jiki.
Tsohuwa Nonomura ta wanke hannu, ta goge,
ta tambayi ƙwayoyin likita nawa nake sha.
Na ce bakwai. Ta ce, ka sha bakwai ɗin cif.
Ni ba na cire ƙari daga hanta.
Abin da nake da shi zama ne, da tafi biyu.

Ta ɗora su bisa idanuna.
Ba matsa, ba tausa, ba maganar da kunne zai ji.
Ɗumi ne irin na kwanon shinkafa
da ka riƙe da asuba kafin ka fara ci.
Daga ido zuwa ƙeya, daga ƙeya zuwa ƙirji.
Ina jin mai laima yana ƙwanƙwasa ƙarfe a ƙasa,
ina shirya gardamar da zan kai wa Hatsue,
sai na farka.
Rana ta bar taga, miyau ya jiƙa min kumatu,
ni da barci ya yi wa yaji tun kaka.

Na ce, me ya fito daga hannunki?
Ta ce malaminta ya kira shi ƙarfin rai,
ɗanta injiniya ya ce jini ne ke ɗuma fata,
ita kuwa ta daina raba musu faɗa.
Ta zuba min shayi, ta karɓi kofin da na shanye.

Ƙarin yana nan. Hoton wata ya nuna shi,
bai ragu da ƙwayar shinkafa ba don ta taɓa ni.
Ba zan yi wa kowa ƙarya ba.
Amma haƙarƙarina ya saki numfashi,
muƙamuƙina ya daina cizon dare.

A gida akwai Chiyono, matata,
wadda ta manta sunana bara da bazara.
Da magariba takan tsaya a ƙofa da takalmi ɗaya
tana neman hanyar gidan uwarta da ruwa ya ci tuntuni.
Na saba riƙe ta da magana, maganar ba ta riƙe ta.
Jiya na zaunar da ita,
na hura wa hannuna iska, wannan mai kanta,
mai guntun yatsa da zarto ya rage min,
na ɗora shi tsakanin kafaɗunta. Na yi shiru.

Ban iya komai ba. Ba wanda ya koya min.
Agogon bango ya buga, tukunya ta huce.
Can ta cire takalmin da kanta
ta ce, Malam, hannunka da ɗumi,
kamar na wani mutum da na sani.